Yadda na daidaita sunana da ranar haihuwata kafin na samu rubuta JAMB a Gombe

Duk macen da ta yi aure bayan sakandare kuma take da niyyar komawa makaranta, ko da niyyar ba ta wuce cikin zuciyarta ba tukuna, ta fito da takardunta yau ta baje su a kan gado ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu za ta duba, suna da ranar haihuwa. Ni shekara guda ta tafi mini a kan waɗannan biyun, kuma a hanya na haɗu da mata da maza birjik masu irin matsalata, kowa yana yawo da ambulan ɗinsa a hamata bai san ƙofar da zai fara shiga ba. Shi ya sa na ga bari in jero yadda tawa ta kasance tun daga tushe.

A Bajoga aka haife ni, cikin watan Agusta na 1995, lokacin Baffana yana aiki a kamfanin siminti na Ashaka. Katin da asibiti suka ba Innata har yanzu Jihar Bauchi ce a jikinsa, domin sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke mana Jihar Gombe. Baffa ya naɗe katin nan a leda ya jefa shi cikin tsohuwar jakar da yake ajiye takardun gona da na fansho. Da za mu cike fom ɗin WAEC a 2013, wani malaminmu ya ba mu shawarar kowacce ta rage shekara biyu, wai saboda bautar ƙasa ba a ɗaukar wanda ya haura talatin lokacin gama karatu, kuma ya san halin yajin aikin jami'o'i. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, rabin ajinmu kuwa suka bi. Da na je hutu na gaya wa Baffa, ko ɗago kai bai yi daga rediyonsa ba ya ce, "Ranar da Allah Ya kawo ki ita za ki rubuta." Maganar ba ta ɗauke shi minti ɗaya ba.

Na yi aure a 2014 na dawo cikin garin Gombe, na kama ɗinki. A 2015 na buɗe asusun banki saboda masu turo kuɗin ɗinki daga nesa, daidai lokacin da ake rububin yin BVN. Ma'aikaciyar da ta taya ni cike fom ta tambaye ni ko ina da aure, na ce eh, ta ce sunan maigida, na faɗa, ta rubuta shi a gurbin sunan mahaifi. Haka ake yi wa kowa a layin, ba wanda ya ga wani abu a ciki. Sai kuma farkon 2021, bayan gwamnati ta ce a watan Disamba 2020 duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a rufe shi. Waɗanda suke gari a lokacin sun san irin cunkoson da aka yi. Wani wakili da ya kafa kwamfutarsa a wata rumfa kusa da kasuwa shi ya yi mini, ina goye da jaririya, rana ta take, mutane suna ta turo ni daga baya. Ya karɓi katin bankina ya kwafi sunan da ke jiki. Ya ce wace shekara aka haife ki, na ce 1995. Bai tambayi wata ba, bai tambayi rana ba, ashe 1 ga Janairu yake zuba wa duk wanda bai zo da takarda ba. Ya miƙo mini silif, na ga lambobi goma sha ɗaya sun fito, na linke na jefa a jaka. Layina dai ba a rufe ba, abin da ya kai ni ke nan.

Cikin waɗannan ranakun uku babu wadda ta yi kama da ranar yanke hukunci a kan rayuwar mutum. Mu masu ɗinki mun san in almakashi ya kauce da ɗan yatsa ɗaya wurin yanka, ba a gani sai an zo haɗa hannu da jiki.

A watan Janairu 2024, da yaran suka ɗan tasa, maigida ya amince in koma karatu, na zaɓi kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Gombe don in samu NCE. JAMB ta buɗe rajista ranar 15 ga Janairu a shekarar. Matakin farko shi ne mutum ya tura kalmar NIN da lambarsa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da ake kira furofayil kod. Da wayar maigida muka fara gwadawa ta ƙi, domin ƙaninsa ya taɓa yin rajistar JAMB da layin, kuma layi ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka. Muka koma nawa, saƙo ya shigo, ga lambar, ga kuma suna a tare da ita. Sunan maigida ne a gaban nawa. Na tafi da shi haka wata cibiyar rajista, tare da takardar WAEC. Yaron da ke kan kwamfuta ya duba wayata, ya duba takardar, ya sake duba wayar, ya ce, "Adda, ke ce duka biyun?" Ya yi mini bayani cewa tun 2021 JAMB ba ta karɓar suna daga bakin mutum, daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take janyo suna da ranar haihuwa, shi ba shi da ikon taɓa ko harafi ɗaya. In ya yi mini rajista a haka zan rubuta jarrabawa lafiya, amma ranar tantancewa a makaranta za a ga mai sakamakon WAEC daban, mai JAMB daban. Ya ce in je in gyara NIN tukuna. Allah Ya saka wa yaron nan, don da kuɗina kawai yake so da ya karɓa ya sallame ni.

Rajista ta rufe ranar 26 ga Fabrairu ban gyara komai ba, don gyaran ba na sati ɗaya ko biyu ba ne. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Daga nan azumi ya shigo a watan Maris, ɗinkin sallah ya rufe ni, aka yi ƙaramar sallah aka shiga shirin babba. Sai bayan layya na samu kaina da ɗan abin da na tara.

Tambayar da ya kamata mutum ya fara amsawa kafin ya kashe ko sisi ita ce, wace takarda ce za ta zama uwa, sauran su bi ta? Wannan ne inda na ga mutane da yawa suna asarar kuɗi, su gyara nan su ɓata can. Ni lamarina ya zo da sauƙi saboda katin asibiti da takardar firamare da WAEC duk bakinsu ɗaya, kuma shi ne gaskiya. Saboda haka NIN da BVN ne za su dawo su bi su, wato in koma sunan mahaifina in kuma maido da ranar haihuwata. Na ɗan ji nauyin gaya wa maigida zan cire sunansa, sai ya yi dariya ya ce ai dama malamai sun sha faɗa mace da sunan ubanta ake kiran ta, shi bai haife ni ba.

Bajoga na fara zuwa. Baffa ya jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado, ya zazzage ta a kan tabarma. Ga katin, ya yi ja, gefensa ya ɗan cinye, amma rubutun biro na ma'aikaciyar jinya yana nan raɗau, har da nauyina a ranar. Tunda na zo, na haɗa da takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukumar Funakaye, wadda muke kira indijin, don na san makaranta za ta nema. Daga wurin mai unguwa ake farawa, ya shaida ya san gidanku, a kai wa hakimi ya sa hannu, sannan a wuce sakatariya da hotunan fasfo. Ta Baffa tsohuwa ce mai tambarin Bauchi, ba ta yi mini amfani ba sai dai nuna asali. Wanda zai je, ya je da safe a tsakiyar mako, kuma ya tafi da wani babba na gidan, ya fi saurin buɗe ƙofa.

Sai kotu. Rantsuwa biyu nake bukata, ɗaya ta shekaru, ɗaya ta suna. Ta shekaru wanda ya girme ka kuma ya san haihuwarka shi ya fi dacewa ya yi ta, don haka Baffa ya shigo Gombe da kansa muka tafi babbar kotu. A bakin ƙofa akwai masu buga takarda zaune da kwamfutocinsu da ƙananan janareto, tun kafin ka sauka daga keke sun fara kira, "Hajiya afidabit ne? Alhaji zo nan." Muka zauna wurin ɗaya. Ba sabuwar takarda suke bugawa ba, ta wanda ya tashi suke gogewa su sa bayananka. Cikin minti kaɗan ya zaro ta da zafinta ya miƙo, yana kallon na bayanmu. Baffa ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya goge shi da bakin riga, ya ɗora yatsa a kan layin farko ya fara bi a hankali yana motsa baki. Mai bugun ya ce, "Baba komai daidai ne, ku shiga kawai." Baffa bai tanka ba. Can a layi na huɗu ya tsaya ya ce, "Yaro, ni ban taɓa zama a Kaltungo ba." Garin mutumin da ya gabace mu ne ya rage a ciki. A ƙasa kuma an juya sunana, na uba ya zo a gurbin nawa. Aka sake bugawa, ya sake bi tun daga sama, sannan muka shiga. A ciki aka biya kuɗi aka ba mu rasit, kwamishinan rantsuwa ya tambayi Baffa ko abin da ke takardar gaskiya ne, ya sa hannu, aka buga hatimi. Kuɗin kotun kansa ba shi da yawa. Abin da ke cin aljihu shi ne na mai bugu, da hoto, da fotokwafi, da kuɗin keke. A riƙe rasit ɗin, kar a yar.

Daga kotu sai jarida. Gyaran suna yana bukatar a buga sanarwa a jaridar da ake sayarwa a ƙasa baki ɗaya, irin 'yan ƙananan akwatunan nan da ke shafukan baya, masu cewa da ana kirana kaza, yanzu a kira ni kaza, takarduna na baya suna nan daram. Akwai wakilai a gari da ke karɓar wannan aiki. Ka ba su kwafin rantsuwar, ka sa su nuna maka rubutun a waya kafin su tura, ranar da ta fito kuma ka sayi jaridar sukutum, kar ka yarda da guntun da aka yanko maka, domin ana son a ga sunan jaridar da kwanan wata a saman shafin.

Katin asibiti, duk da darajarsa a wurinmu, ba shi NIMC ke karɓa ba wurin gyaran ranar haihuwa. Takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa suke so. Babban mutum da ba a yi masa rajistar haihuwa yana yaro ba, takardar shaida ake ba shi, wadda ake kira atestashan, kuma rantsuwar shekarun nan ita ce ginshiƙinta, shi ya sa kotu take zuwa kafin nan. Ta intanet aka cike, aka ɗora hoton rantsuwar da nawa, na biya, na jira har ta fito aka buga mini ita mai launi.

Lokacin da takarduna suka haɗu an shiga watan Oktoba, daidai da lokacin da NIMC ta mayar da gyare-gyare kan shafinta na intanet, kowa ya yi da kansa. A nan ne shawarar wani ɗan yayata da ke karatu a jami'ar jiha ta yi mini rana. Ya ce, "Goggo, kar ki yarda a buɗe miki a kafe." Dalili shi ne shafin yana ɗaure asusunka da na'urar da ka fara buɗe shi a kanta. In a kwamfutar shago aka buɗe, duk lokacin da za ka duba sai ka koma shagon, in kuwa sun goge kwamfutar ko shagon ya tashi, ka shiga wata sabuwar wahala. Da wayata muka yi, da imel ɗin da ya buɗe mini na kaina, na rubuta kalmar sirrin a bangon littafin awon kwastomomi. Shafin yana ɗaukar hoton fuska ya gwada da wanda ke rumbunsu, don haka a tsaya inda haske yake, mu sai da muka fito tsakar gida. Takardun ma a ɗauke su a shimfiɗe, kusurwa huɗu su fito, hatimi ya karantu.

Suna muka fara, na biya Naira 1,522. Da aka amince muka shiga ranar haihuwa, ita kuma Naira 16,340. A watan Mayu 2025 an ƙara kuɗin, suna ya koma 2,000, ranar haihuwa ta koma 28,574, saboda haka mai shirin yi yanzu ya duba farashin ranar kafin ya fito. Ranar haihuwa sau ɗaya ake gyara ta, ba a dawowa. Kafin ɗan yayata ya danna turawa sai da na sa ya karanto mini lambobin da ƙarfi ina bin katin asibiti da ido. Daga nan sai jira, kuma jiran ranar haihuwa ya fi na suna tsawo nesa ba kusa ba, makonni ne. Kullum bayan sallar asuba sai na buɗe shafin in ga ko ya canza. A wannan tsakanin mutane biyu sun yi mini tayin wai suna da ɗan'uwa a ciki, in kawo wani abu a fitar mini cikin kwana biyu. Ban bayar ba. Wata maƙwabciyata ta bayar, nata bai riga nawa fitowa ba, mutumin kuma ya daina ɗaukar wayarta.

Da ya fito na buga sabon silif na wuce banki da shi, da rantsuwar suna, da jaridar. Layin masu ƙorafi ake bi, ba na masu cire kuɗi ba, a cike fom ɗin gyaran BVN. Na dage a kan wannan ne saboda bashin karatu na NELFUND da aka fara a watan Mayu 2024, wanda yake neman lambar JAMB da NIN da BVN, kuma in sunayen suka saɓa magana ta tsaya. Ko ba don bashi ba, asusun da sunansa ya bambanta da NIN matsala ce mai jiran rana.

Ranar 3 ga Fabrairu 2025 JAMB ta sake buɗewa. Na tura saƙo da layina, suna ya dawo daidai da na WAEC harafi da harafi. Na biya Naira 7,200, wanda yake son jarrabawar gwaji kuma 8,700 ne. Aka ɗauki hotona, na dangwala yatsu goma, aka ɗora sakamakon WAEC na 2013, don ba ya tsufa. Kafin a buga takardar ƙarshe ana nuna maka komai a allo, nan ma na bi da yatsa irin na Baffa, na bayana suna tsaki. Karatun jarrabawar a cikin azumi na yi shi, bayan sahur kafin in hau keken ɗinki. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Wadda ba ta saba da kwamfuta ba ta je ta biya a koya mata ko na 'yan kwanaki ne, don haruffa kaɗan ne ake dannawa, tsoron ne ya fi aikin yawa. A ƙarshen Afrilu na rubuta. Mafi ƙarancin makin da aka yanke wa kwalejojin ilimi a shekarar 100 ne cikin 400, na haura shi da tazara mai kyau. Da gurbi ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, na danna amincewa, na buga takardar. Ranar tantancewa malamin ya jera WAEC da JAMB da NIN da indijin da takardar haihuwa a gabansa, ya bi su da gindin biro, ya sa hannu ya ce, "Malama, wuce." Ko minti uku ban yi a gabansa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan zirga-zirga, ina ganin ya fi shafar iyaye da masu sababbin aure fiye da masu neman JAMB. Suna ɗaya ake zaɓa da rubutu ɗaya. In Muhammad ne to Muhammad a ko'ina, kar firamare ta sa Mohammed, banki ya sa Muhammadu, wani ya taƙaita shi Mohd. In akwai suna na uku, ko dai ya shiga ko'ina ko a bar shi gaba ɗaya. Duk wanda zai cike maka fom, komai tsawon layin da ke bayanka, karɓi takardar ka karanta kafin ka tashi, wanda bai iya boko ba ya tafi da wanda ya iya. Layin wayar da aka yi rajista da shi a riƙe shi kamar takarda, a riƙa sa masa kati, don kamfanoni suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. 'Ya'yana uku duk na karɓo musu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, na kuma je makarantarsu na sa an buɗe mini rajista na gwada sunayen. Na tarar an ƙara wa babbar harafi a ƙarshen sunanta, aka gyara a take da biro, kyauta, tun tana aji uku na firamare.

Masu ragin shekaru kuwa, tasu ta fi tawa wuya. Wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, cikin waɗanda suka bi shawarar malaminmu, WAEC ɗinta 1997 take nunawa, NIN da BVN da takardar aurenta 1995. Yanzu aikin lafiya take son karanta. In za ta mayar da NIN ya bi WAEC, sai mahaifinta ya shiga kotu ya rantse a kan ranar da ya san ba ita ba ce, ya kuma ce ba da shi ba. Hanyar da ta rage mata ita ce ta bar tsohon sakamakon ta sake rubuta jarrabawar sakandare a matsayin mai zaman kanta, da ranar haihuwarta ta gaskiya, ga ta da 'ya'ya huɗu, rabonta da lissafi da kimiyya ya haura shekara goma. Ta sayi fom ɗin, yanzu haka tana zuwa darasi da yamma ranar Asabar da Lahadi.